Ƙugiyar Abdulbaƙi

Sunana Abdulbaƙi, da ƙa mai ƙugiya. Aji uku na yi a firamare, amma wannan kam na sani.

Bayan an ƙaddamar da Shari'a ne muka buɗe shagon buga takardu kusa da shingen kwastan a Jibiya, ni da Elkana, mutumin Gangara. Ni ke da ɗaki da janareta, shi ke da boko. Kwano ɗaya muke ci. Lokacin da wasu suka ce in rabu da shi tunda Kirista ne, na ce su je su sha iska.

Kwamfutarmu manhajar kyauta ke cikinta. Elkana ya ce ba ta da mai ita, mutane ne a ƙasashe daban-daban ke haɗa ta, in ka ga aibi ka rubuta musu su gyara. Aibin kuwa na gan shi tun ranar farko: ba ta buga ƙugiya. Duk takardar da ta fito daga shagonmu, a ƙasanta Abdulbaki ne.

Direbobin Maraɗi suka samu abin yi. "Ina Bawan Baki? Yau mi aka ci?" Wannan na jure. Da limaminmu ya tare ni ya ce, "Audu, Albaƙi sunan Allah ne, kai kuma kana raba shi a tasha ka maishe shi baki," sai haƙurina ya ƙare.

Na biya wa Elkana mota zuwa kafen intanet a Katsina ya kai ƙara wurin masu haɗa manhajar, ya kuma roƙi a ƙara mana baƙaƙenmu. Da na dame shi da tambaya sai ya ce, "Sun ƙi. Sun ce Hausa ba ta kai ba." Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, ina bin takardu da biro ina sa ƙugiya ina tsine wa mutanen da ban taɓa gani ba.

Rannan Bawa, mai fitar da kaya a hannun 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, a Ɗan Isa, ya iske ni ina wannan aikin. Na ba shi labari. Ya ce, "Ai ƙarar waɗannan a fili take, kowa na iya karantawa. Mu tahi mu gani."

A kafe ya nemo ta, ya fassara mini. Ashe sun amsa. Wata mata ta rubuta cewa ta haɗa gyaran, a sauke a gwada a injinmu a gaya mata, don ita ba ta jin Hausa. Ta sake tambaya, har da ba da haƙuri. A ƙasa ga amsar Elkana: ba a bukata, Hausawa ba su damu da ƙugiya ba, a rufe.

Na dawo na same shi yana cin gyaɗa.

"Elkana, matar nan da na yi ta zagi, mi ta yi mani?"

Bai ko musa ba. "Haba Malam Audu. Sai in yi ta zarya Katsina, in sauke, in gwada, in koma, saboda ɗan wutsiyar baƙi guda?"

"Sunana ne."

"To ni nawa ba shi da ƙugiya," ya ce, yana dariya.

Da ƙyuya ce kawai, da na yafe. Amma ya tsaya gaban duniya ya yi magana da bakin Hausawa duka, sannan ya zauna yana kallona ina zagin mai taimakona.

Ban kore shi ba, kwamfutar tamu ce mu biyu. Na koma Katsina da Bawa, na ce ya sake buɗe ƙarar, ya fara da neman gafarar matar, ya sa sunana. Ya buga, ya juyo ya ce, "Ka ga nan ma ka marar ƙugiya ce ta fito."

Na ce, "Bar ta haka, matar ta ga ciwon da idonta."

Har yanzu ba ta amsa ba. Elkana na nan a kujerarsa. Da rana Salmatu matata kwano ɗaya take aikowa kamar da, ni ke juye masa nasa a murfi.