Ruwan Famfo a Cikin Jar Datsun

Uwaisu na tsiyaya ruwan ɗumi daga buta a ramin makullin ƙofar motar, bakinsa kuma bai huta ba.

"Likita, abu na farko, kada ka yarda fenti ya ruɗe ka. Tsohuwar motar Jafan ba a inji ake kama ta ba, a jiki ake kama ta. Ka tafi da maganaɗisu naɗe a hankici, ka bi ƙasan ƙofa da bayan taya. Inda ya manne, ƙarfe ne. Inda ya faɗo, an cusa fila ne, wato ƙullin toshe rami, an shafe da fenti, sai ka yi wa mai mota sallama ka kama gabanka."

Dakta Nata'ala yana tsaye a gefe, hannuwa cikin aljihun kwat, haƙora na haɗuwa. Laifinsa ɗaya a duniya: wata rana a wurin suna ya ce irin waɗannan motoci suna burge shi. Tun daga ranar ya zama ɗalibi ba tare da ya nemi gurbi ba. Yau ya taso daga Stratford da sassafe don ya bi Uwaisu a baya zuwa tashar jiragen ruwa ta Tilbury, in an miƙa mota ya dawo da shi gida.

Safiyar Alhamis ce a watan Fabrairu na 1991, kwana uku ke nan Landan na cikin wani sanyi da har Turawan kansu suke ƙorafi. Duk layin su Uwaisu na Plumstead ya yi fari fat, motocin maƙwabta sun zama tudu-tudu. Ita kaɗai ce aka share, tana ƙyalli ja wur: Datsun 240Z ƙirar 1972, mai dogon hanci da kujera biyu rak. Ƙarfe uku na rana za a rufe ƙofar tashar, kuma takardar kamfanin jirgin ta faɗa a sarari cewa sai motar da ta hau da ƙafarta za a ɗauka. Ranar Asabar kuma Uwaisu da iyalinsa za su hau jirgin sama zuwa Kano.

"Abu na biyu," in ji Uwaisu, ƙofa ta buɗe da ƙyar, "ka ɗaga kafet. Kada ka ji kunya, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi. Gishirin da suke watsawa a titi shi ke cinye mota daga ƙasa, kana sama kana goge madubi."

Shawara ce mai kyau, Allah ya sani. Sai dai ko kalma ɗaya ba tasa ba ce. Duk daga bakin Gariba ya kwaso su, wani bakanike mutumin zangon Kumasi mai gareji a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a Woolwich. Shekara biyu Gariba na kwance ƙarƙashin motar nan. Shi ya yanke ruɓaɓɓen ƙasanta ya yi waldar sabo, shi ya sauke inji ya wanke ya mayar, shi ya daidaita kafireta biyun har suka riƙa numfashi tare. Uwaisu kuwa ya ɗauki ɓangaren goge fenti da ɓangaren bayani. In ba ya gaban Gariba, sai ya riƙa kwaikwayon Hausarsa mutane na dariya, wai mutumin da ke ce wa mota "ya tashi" me ya sani game da mota.

Talatu matar Uwaisu tana tsaye a bakin ƙofa, ta yafa bargo a kan zane. Ita ta san abin da motar nan take ɗauke da shi. A 1978 Uwaisu ya zo karatun ƙididdigar gine-gine da tallafin gwamnatin jiha. Sau uku yana zama jarrabawar ƙarshe, sau uku tana tashi ta bar shi a zaune. Da tallafi ya yanke, ya ari rigar digiri wurin wani aboki, ya shiga shagon mai hoto, ya riƙe takarda a naɗe wadda ba wanda ya san ta kuɗin gas ce. Hoton nan yana rataye a falon mahaifiyarsa Hajiya a Malumfashi har yau, ana nuna wa baƙi. Shi kuwa yana bakin ƙofar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa yana karɓar tikiti.

An kawo Talatu a kan shekara biyu za su yi. Ta yi goma sha ɗaya. Mahaifinta ya rasu, a wasiƙa ta ji. Yanzu idon mahaifiyarta na dushewa, kuma tsohuwar ba ta taɓa ganin jikarta Jamilatu ba sai a hoto. Duk lokacin da Talatu ta ta da maganar gida, amsa ɗaya ce: shi ba zai koma hannu rabbana ba. Da ya tsinci motar nan a bayan gidan wani tsohon Bature, kyanwa ta haihu a kujerar direba, sai ya ce ya samu abin da zai shiga gari da shi. Tun yana ɗalibi a Kaduna ya ga wani babban sakatare a cikin irinta, bai sake mantawa ba. Talatu ta yarda. In dai jar mota ce za ta mayar da ita gaban uwarta, to ko jirgin yaƙi ne a gyara.

"Abu na uku, kuma shi ne babba," Uwaisu ya ɗaga bonet, "ruwa. Mahaifina shekara talatin yana jan babbar mota tsakanin Funtuwa da Jos. Kullum asuba zai buɗe lagireto ya cika da ruwa mai tsabta, wanda shi ma zai iya sha. Ya ce abin da ba za ka sha ba kada ka ba motarka."

Nata'ala ya sunkuya. "Mene ne wancan yake reto a ƙasan injin?"

"Ƙanƙara ce, Likita. Yau ina ne babu ita?"

Wannan shawara ta uku ita kaɗai ce tasa ta kansa. Ranar Lahadi, kafin ya mayar wa hukumar unguwa makullin garejin haya inda motar ke kwana, ya buɗe lagireto ya ga wani ruwa shuɗi mai ƙanshin alewa da Gariba ya zuba. Ransa ya ɓaci. Ya kwance murfin ƙasa ya zubar da shi tas, ya ɗauraye sau biyu, ya ɗura ruwan famfo garai-garai har baki, wai ta fara sabawa da ruwan gida. Daga nan ya fito da ita titi, ta kwana huɗu a waje.

Yanzu ya shiga motar, ya ja cok, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Injin ya yi nishi sau biyu, a na uku ya kama da wani gurnani mai daɗi, sai dai fanbel na ihu kamar an taka wutsiyar kare. Labule ya motsa a gidaje biyu.

"Ka ji murya?" Uwaisu ya ɗaga tasa muryar. "Silinda shida ke nan! A bar ta ta yi warming minti goma sha biyar, kamar yadda ake yi a gida."

A minti na shida ihun ya tsaya, Uwaisu ya kalli Likita da murmushin wanda aka gaskata. A minti na tara wani abu ya fara ɗiga. Kafin na goma sha biyu ruwa na zuba shaa daga gefen injin, ya huda farar ƙanƙarar titi ya yi baƙin rami, tururi ya turnuƙe bonet. Nata'ala ne ya miƙa hannu ta taga ya kashe motar, don mai ita ya daskare a kan sitiyari.

Talatu ba ta tambayi kowa ba. Ta koma ciki ta buga wa Gariba waya.

Bai yi rabin awa ba ya iso da janwe, hular ulu har kunne. Bai ma gaisa sosai ba ya durƙusa a cikin ƙanƙara, ya tara hannu ya kalli ruwan da ke ɗiga. Ya sansana. Ya ɗago a hankali.

"Masa, ina shuɗi ruwa da na saka?" Haka yake kiransa, Masa, wato maigida.

"Wane ruwa?"

"Antifreeze. Na gaya maka sau nawa, wannan shi ne bargo na inji, kar ka taɓa."

"Ai ya yi datti," in ji Uwaisu. "Ruwa har da launi? Kuma motar nan Najeriya za ta. Wa ya taɓa ganin ruwa ya daskare a Malumfashi?"

"Malumfashi!" Gariba ya waiga ya kalli layin daga farko har ƙarshe. "Nan Malumfashi ne?"

Ya zaro sandar auna baƙin mai ya nuna musu. Maimakon baƙi, abin da ke jikinta ya yi kalar shayi da madara. Ya haska tocila a gefen injin, ya kama yatsan Uwaisu da kansa ya ɗora a kan wata tsaga mai tsawon tafin hannu.

"Ruwa in ya daskare yana kumbura. Ba shi da hanya, sai ya fasa ƙarfe. Block, jiki na inji, ya tsage, ciki da waje." Shi ne ya san dare da ranar da ya zuba a wurin. "Shekara biyu, Masa. Gwiwa na duka ya lalace a ƙasan mota nan. Kai aiki ɗaya ka yi da hannunka, ɗaya tak."

Nata'ala ya juya baya yana nazarin wata bishiya da ba ta da ko ganye.

"Ba za a yi walda ba? Ko zuwa ƙarfe uku ta kai?" in ji Uwaisu.

"Ko zuwa ƙarshen layi ba zai kai ba. Sai wani inji. In nemi a scrapyard wurin matattun motoci, in sauke wannan, in ɗora. Wata biyu, wata uku. Wataƙila jirgi na Mayu."

"Mayu," in ji Uwaisu.

A nan ne abin ya faru, kuma Talatu kaɗai ta gani, don ita ta shekara goma sha ɗaya tana karatun fuskar nan. Kafaɗunsa suka sauka. Goshinsa da ya kwana bakwai a tamke ya saki. Mutumin da injinsa ya fashe yanzu-yanzu ya ja numfashi irin na wanda aka ce masa an ɗage shari'a. Ashe ba motar yake tsoron ta ƙi tashi ba. Tsoronsa ta tashi, ta kai shi gaban 'yan'uwa, wani ya ce injiniya ga filina zo ka auna.

"To, haka Allah ya so," ya ce, har da ɗan kuzari. "Talatu, sai a yi cancel ɗin Asabar. Mayu ma ai ba nisa. Gara ma, kafin nan na sake mata kujeru, na nemo asalin rediyonta. Likita, ka ga darasi ko? Abu na huɗu, kada ka taɓa yin gaggawa da tsohuwar mota."

Talatu ta dube shi, wani abu ya taso mata a rai. Ba fushi ba ne ma, fushi ya ƙare mata tun shekarun baya. Tausayi ne, irin wanda ba ya hana mutum tafiya. Ta juya ta shiga gida, ta ratsa akwatuna shida da ke jere a falo, ta ɗauko kyamarar da Uwaisu ya sa wa sabon fim don a ɗauke shi a bakin jirgi, ta dawo waje.

"Rufe bonet ɗin," ta ce. "Shiga ka zauna."

"Me za a yi?"

"Shiga dai. Gariba, don Allah ja janwen nan baya, yana shigowa. Likita, taimaka ka turo ƙanƙara da ƙafa ka rufe ruwan nan."

Ba wanda ya yi musu. Babban likita guda ya riƙa shure ƙanƙara yana binne baƙin rami, har wurin ya koma fari kamar ba a yi komai ba. Uwaisu ya zauna, kuma da yake hali ba ya ɓuya, yana ganin kyamara ya gyara hula, ya fito da gwiwar hannu ta taga, ya ɗora ɗaya hannun a kan sitiyari.

"Yi murmushi."

Ya yi. Ta danna sau biyu, ta naɗe fim ɗin, ta cire shi ta ƙulle a bakin zanenta.

"Ya yi kyau," ta ce. "Akwai wuri a bangon Hajiya kusa da na rigar digiri. Ni da Jamilatu za mu kai mata ranar Asabar."

Murmushin ya zauna a fuskarsa ya rasa inda zai je. Gariba ya sunkuyar da kai yana warware sarƙar janwe.

"Talatu," Uwaisu ya ce a hankali, har yanzu hannunsa na kan sitiyari, "in suka tambaye ki ni fa? Me za ki ce musu?"

Ta gyara bargonta, ta riga ta juya.

"Abin da na saba rubuta musu. Kana nan kana ƙarasawa."