Muryar da Ta Fita ta Lasifika

Ni na koya wa Sol waƙa. Ina faɗin haka tun farko, domin duk wanda ya yi hira da ita a talabijin sai ta sunkuyar da kai ta ce baiwa ce daga Allah. To, baiwar nan a bayan gidanmu aka raine ta, muna wanke-wanke, ina kaɗa mata murfin tukunya tana bi. Sunana Remedios, Medy ake ce mini a unguwa, kuma ni ce babba. Ita sunanta Soledad, amma tun da masu kamfanin faifai na Manila suka gyara mata suna, Solana duniya ta sani.

Muna yara tare muke shiga gasar waƙa ta bikin gari a nan Bulacan, ni in riƙe ƙasa, ita ta hau sama. Mun ciyo fanka, mun ciyo tukunyar dafa shinkafa, har ɗan alade an taɓa ba mu muka jawo shi gida yana ihu. Da masu gasar talabijin suka zo neman yara, dole ɗayanmu ta zauna ta riƙe shagon ƙofar gida, tunda mahaifinmu ya rasu. Nanay, wato mahaifiyarmu, ba ta ɓata lokaci wajen tunani ba. Ta ɗinka wa Sol jar riga, suka hau bas, ni aka bar ni da sikeli da ƙullin gishiri.

Sauran labarin kowa ya sani. Waƙoƙinta na soyayya suka cika motocin haya, ba ka shiga kasuwa ba ka ji ta ba. Maƙwabcinmu Mang Berting in ya sha ya yi tatil, sai ya jawo na'urar waƙa bakin titi ya kama yi wa waƙar ƙanwata kisan gilla, ni kuma ina shago ina auna wa mutane sukari. Da sababbin 'yan mata masu rawa suka fito, aka fara cewa zamanin Solana ya wuce, kuma ba zan ɓoye ba, a makon nan abinci ya yi mini daɗi. Ashe sauya sheƙa za ta yi. Ta koma wasan dandamali, irin wanda ake ba da labari da waƙa, ta yi Singafo, ta yi Landan, tana aiko mana da manyan kwalaye cike da sabulu da cakulan da riguna masu hoton fuskarta. Da ɗaya daga cikin rigunan nake yi wa Nanay wanka.

Ni ma ban daina waƙa ba. Ina yi a coci, ina yi a gidan makoki. Duk wanda ya mutu a unguwarmu ni na raka shi, kuma har yau ba wanda ya tashi ya tafa mini.

Abu ɗaya ne nawa a duniyar nan, shi ne kukan Maryamu a pabasar gidanmu, wato karatun waƙen wahalar Yesu. Bakancen Nanay ne tun shekarar da ambaliya ta tafi da ni ina jaririya aka tsamo ni da rai. Duk Mako Mai Tsarki sai mu kafa rumfar ganyen kwakwa a ƙofar gida, mu sa tebur a gaban siffar Yesu, a buɗe tsohon littafin waƙen wahalarsa, a rera shi daga bango zuwa bango. Masu rerawa suna zama a jere, fuska ga siffar, baya ga jama'a, suna karɓa-karɓa, lasifika kuma a ɗaure a kan mangwaro. Sharaɗin ɗaya ne, kada murya ta yanke har a kai ƙarshe. Wurin da uwar ta tsaya a gindin gicciye tana kukan ɗanta, ranar Juma'a da rana tsaka, Nanay ce take rera shi da kanta har ranar da ɓarin jikinta ya shanye. Tun daga nan ya dawo hannuna. Tana kwance a bene, gadonta a jikin taga, tana saurare. In na hau bayan an gama, abin da take cewa bai wuce, "Kin ja shi da yawa," ko "Wa ya bar shayin citta ya huce?" ba. Kowace shekara sai in ce wa raina, bana za ta faɗi wani abu dabam.

Bana Sol ta bugo waya ta ce za ta zo. An ba ta babbar jaruma a wani sabon wasa a Manila, za a buɗe bayan Ista, kuma tana so ta ga Nanay kafin nan.

"Shi ke nan," in ji Nanay, ina tsefe mata kai. "Ita za ta ɗauki kukan Maryamu."

"Nanay, ta ma san muryar da muke bi kuwa? Rabonta da zama a teburin nan tun ba ta fara sa takalmi mai tsini ba."

"Wadda ta yi waƙa a gaban Turawa ce za ta kasa abin da tsohuwa Tasing mai haƙori biyu ke yi a teburin nan? Ke dai ki tabbatar kofuna sun isa, bana za a yi jama'a."

Na ja tsefen da ɗan ƙarfi, ta ce wash, na ce kitson ne ya cukurkuɗe.

Ranar Alhamis ta iso, cikin baƙar mota, da baƙin tabarau, ta naɗe wuya da mayafi a zafin nan da kare ma ya ƙi fita daga ƙarƙashin benci. Ta rungume ni, ƙamshinta ya cika mini hanci, na tuna ni warin soyayyen kifi nake yi. Ta hau bene, ta durƙusa, ta kama hannun Nanay mai lafiya ta ɗora a goshinta. Nanay ta riƙe fuskarta tana ta "anak, anak, 'yata," kamar sauran mu a kasuwa aka sayo mu.

Da ta sauko, Aling Tasing, wadda ta fi kowa daɗewa a teburin pabasa, ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke Soledad, wuyan naki kaciya aka yi masa ne?"

Sol ta yi murmushi ta amsa da raɗa, "Ina tattalin murya ne, Aling Tasing."

"Tattali! Mu da muke kwana muna ihu a nan, tamu a bola muka tsinto ta ko? Medy, zuba wa gimbiya shayin citta, ki hura mata, kada ya ƙona dukiyar ƙasa."

Na yi dariya har da riƙe ciki, ita ma Sol ta yi, ba sauti. Duk yinin da raɗa take magana. Na ce a raina, iyayi ne, wai ita mai murya mai tsada.

Juma'a tun kafin rana ta take, titinmu ya toshe. Mutanen da ban taɓa gani a coci ba sun zo da kujeru da lema. Masu sayar da ƙanƙara sun kafa tebur. Mang Berting ya yi wanka, har da taje kai. Shekara da shekaru muna wannan karatu kaji ne kawai ke sauraronmu da tsakar rana, yau ga shi har a kan katanga an zauna. Haushi ya cika ni har wuya, na ci gaba da zuba shayi.

Aka matsa wa Sol wuri kusa da ni a kan benci. Makirufo ɗaya gare mu, yana yawo daga hannu zuwa hannu. Aling Tasing ta kai nata baitin, ta tsallake ni kamar ba na wurin, ta miƙa wa Sol. Bayanmu aka yi tsit.

Layin farko ya fita lafiya, siriri, mai daɗi, har na ji wata mata ta ja numfashi. A layi na biyu, inda muryar ke hawa, sai ta tsage. Ta sake buɗe baki, iska kawai ta fito. Ta sauke makirufon kan cinyarta, ta juyo ta dube ni ta ƙarƙashin tabarau, idonta fal tsoro.

"Ate," ta ce da raɗa, wato Yaya, "ba ta fitowa."

Na ji daɗi. Wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙirji har tafin ƙafa, irin na wanda ya daɗe a layin famfo aka ce ruwa ya zo. Na zuba mata ido, ina so in ga yadda Solana ke yi in abu ya fi ƙarfinta. Lasifikar da ke kan mangwaro ta fara wannan huci na wofi, kuma duk wanda ya tashi a gidan pabasa ya san hucin nan ba a barin sa ya daɗe. Aling Tasing ta kai mini mintsini a cinya.

"Don uwarki da ke bene, buɗe baki!"

Sol ta ɗago makirufon ta riƙe shi a tsakaninmu, ta jingino kanta da nawa kamar mai neman ganin rubutu. Daga bayanmu ba abin da za ka gani sai kawunan 'yan'uwa biyu a haɗe a kan littafi. Na ɗauka daga inda ta yanke.

Ban rera shi yadda na saba ba. Na saba riƙe ƙasa, in bar saman ga wadda ba ta nan. Ranar nan na hau. Duk abin da ke raina na zuba a ciki, sikelin nan, da jar rigar, da kwalayen sabulu, na ɗora wa Maryamu ta yi kukan da su. Muryata ta kai inda ni kaina ban san tana kaiwa ba, ta tsaya a can ba ta girgiza ba. Na ji mata suna sheshsheƙa a bayana. Na ji Mang Berting yana fyace hanci yana cewa, "Solana ke nan! Allah ya yi halitta a nan!" Na miƙa makirufon ga na gaba, karatu ya ci gaba, bakancen Nanay bai yanke ba.

Da aka rufe littafi jama'a suka yi caa a kanta, masu hoto na yi, masu miƙo jarirai na yi. Da kyar na janye ta zuwa kicin na sa sakata.

"Tun yaushe?" na tambaye ta.

"An daɗe. Wasu ƙuraje ne a maƙogwaro. Likita ya ce sai an yi aiki." Ta cire tabarau, na ga ashe ita ma ta fara tsufa. "In masu wasan suka ji, akwai wata yarinya da ke zaune tana jiran in yi tari kawai. Ate, kin san yadda ake ji a ce wani yana zaune yana jiran ka faɗi?"

"Ina zan sani," na ce, na kama goge tebur.

"Ban san kina hawa haka ba."

"Ba wanda ya taɓa tambaya."

Sandar Nanay ta buga daɓen bene, alamar kira. Muka hau tare. Jama'ar titi su yi ta ihun Solana, ban damu ba. Amma matar nan ita ta haife mu, ta san tarin kowaccenmu daga bayan bango, kuma na tabbata ta gane.

Muka tarar da ita matashin kanta ya jiƙe da hawaye. Ta miƙa hannu, Sol ta kama.

"Medy, kin ji ƙanwarki? Kin ji yadda ake kukan Maryamu? Ko ni a ƙuruciyata ban kai nan ba. Yau ko mutuwa ta zo na gode Allah."

Na buɗe baki, amma Sol ta riga ni. Har gaskiyar ma sai da ta riga ni faɗa.

"Nanay, ba ni ba ce. Muryata ta ƙi fita. Ate ce ta rera, daga layi na biyu har ƙarshe."

Nanay ta yi dariya da rabin bakinta mai motsi. "Ji 'yar albarka. Tun kina ƙarama haka kike, a ba ki alewa ki raba da ita. Bar shi, anak, yabonki ne, ki riƙe abinki. Ni zan kasa gane muryar 'ya'yana?" Ta gyara kwanciya, ta lumshe ido. "Ɗan maimaita mini wurin da kika hau ɗin nan, a hankali, nan kusa da kunnena."

Sol ta dube ni, ta matsa gefe ta ba ni wuri. Na durƙusa a bakin gadon da nake durƙusawa kullum in canja zane, na kai bakina kusa da kunnen mahaifiyata, na ja numfashi, na ɗauko baitin daidai yadda na yi ɗazu a rumfa. Ban kai ƙarshen layin farko ba ta ɗaga hannu, ko ido ba ta buɗe ba.

"Haba Medy, yi mana shiru mana. Taki ai kullum ina jin ta. Sauka ki ɗora ruwan zafi, maƙogwaron ƙanwarki ya gaji."

Na sauka na kunna murhu. Cittar ta ƙare, sai da na buɗe shago na ɗebo.