Sallau da Kokowar Japan

A kakar shekarar 1977, bayan an gama ɗaurin gero, wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidan samariya, wato matattarar matasa, a Malbaza. Direba ya fito, sannan wani siririn baƙo mai tabarau ya biyo shi, yana sunkuyar da kai ga duk wanda suka haɗa ido, har da mai tallar goro.

Mushe Isufu, malamin lakwal, wato makarantar boko, shi aka sa ya tarbe shi, don faransancinsa ba ya rawa a gaban baƙi. Baƙon ya ce daga Japan yake, an turo shi yawon gari gari da majigi da zane-zane don mutane su ga yadda ake zama a ƙasarsu. Ya yi Yamai da Doso da Ƙonni, saura Madawa da Maraɗi. Sunansa Hamada.

"Hamada?" in ji Isufu. "Kuna da hamada a ƙasarku?"

Baƙon ya ce ko kaɗan, ruwa ne ya kewaye su ta ko'ina, sunan kuma a harshensu yana nufin gonar bakin teku. Da Isufu ya gaya masa abin da kalmar ke nufi da Hausa, ya cire tabarau ya yi ta dariya. Kafin la'asar ko direbobin kamiyo, manyan motocin ɗaukar siminti, sun san cewa Hamada ya zo gari daga tsakiyar ruwa.

Isufu ya aika aka kira Sallau ya yi shela. Sallau ɗan ma'abba ne, mai yi wa ƴan kokowa kirari a fage, gajere, ba jiki, amma in ya buɗe baki a kasuwa ana jin sa a bakin kwalta. Shekara goma sha biyar yana bin Rabo na Alela, ɗan kokowar da ya yi wa kirari da Rumbu, wai ba a ɗaukar sa a ka. Da shekaru suka tafi Rabo ya yi tumbi, gwiwa ta fara ciwo, samari suka gane lagonsa: su yi ta zagaya shi har ya gaji, sannan su ja ƙafa. Wata rana a fagen Tsarnawa, Rabo na tsaye yana haki, bakin Sallau ya suɓuce ya ce, "Rumbu ya cika, sai dai ba shi motsi." Fage ya ɗauki dariya. Rabo ya kwance layunsa a ranar, bai sake shiga ba. Ya koma sayar da wake a kasuwar Malbaza, shekara biyu ke nan ko gaisuwar Sallau ba ya amsawa.

Bayan sallar magariba aka ɗaura farin ƙyalle a bangon gidan samariya, direba ya tada inji. Gari ya fito, maza gaba, mata daga gefe, ma'aikatan siminti da farin gari a gira. Rabo ma ya zo da tabarmarsa ya zauna can wajen dama.

Fim na fari ya tafi lafiya. An ga mata cikin ruwa har gwiwa suna dashen shinkafa, an ga jirgin ƙasa yana wucewa gaban wani dutse mai farar hula, wata murya na bayani da faransanci, Isufu na tsinto abin da ya iya yana jefa wa jama'a. Ana ɗora na biyu sai lasifika ta yi tari sau biyu, ta yi warin ƙonewa, ta yi shiru. Direba ya buga ta, ya hura ta, a banza. Na baya suka fara kakkaɓe riguna.

Hamada ya matso kusa da Isufu ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce a zamanin kakansa finafinai ba su da murya, sai a sami mutum ya tsaya gefen ƙyalle yana yi musu baki, kuma aikin kakan nasa ke nan. Ko akwai mai murya a garin nan?

Isufu ya waiwaya ya yafito Sallau.

"Mushe, ni ban taɓa ganin abin ga ba," in ji Sallau. "Mi za ni ce?"

"Abin da idonka ya gani. Kokowa ce, in ji shi."

"Kokowa?" Sallau ya gyara hula. "To a ba ni abin hawa."

Aka mirgino duro ya hau. Haske ya dawo kan ƙyalle, sai ga wasu ƙatti suna shigowa a jere, kowane da ɗan bante mai kauri da tukku a tsakar kai, ciki kamar randa, cinya kamar turmi. Sai wani ya kece da dariya, kawuna suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya zuwa wajen dama, inda Rabo ke zaune. Rabo ya kafa wa ƙyalle ido kamar bai san ana yi ba.

Sallau ya ga ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya zai saki a yi ta birgima, har ma ta zo masa bakin harshe. Ya haɗiye ta da ƙyar.

"Jama'a," ya ce, "ku dubi ƙasar da ta san darajar rumbu. Can in mutum bai kai Rabo ba, ko ruwa ba a bari shi kai ma ƴan kokowa. Mu munka samu ɗaya tak, munka bar shi shina awon wake."

Aka yi dariya, amma ba irin ta ɗazu ba. Wasu dattawa suka gyaɗa kai.

Biyu daga cikin ƙattin suka hau wani dandamalin ƙasa mai da'ira a tsakiya. Sallau ya zaɓi wanda ya fi girma ya ce wannan shi ne Rabon Japan, ɗayan kuma bai ma cancanci suna ba. Rabon Japan ya ɗebo wani farin abu ya watsa sama. Isufu ya tambayi Hamada, ya raɗa wa Sallau cewa gishiri ne.

"Gishiri na, jama'a. Mai na zubarwa bai rasa na miya ba."

Suka durƙusa suna hararar juna, sai kuma suka miƙe kowa ya koma kusurwarsa. Sallau ya ce sun manta laya. Suka dawo, suka sake komawa, ya ce wannan karon sun tafi sallama da iyali. Wani ɗan tsoho cikin rigar alharini yana ta kai da komo tsakaninsu da mafici a hannu, Sallau ya ce alƙali ne, zafi ya dame shi. Hamada ba ya jin ko kalma ɗaya, amma duk inda jama'a suka fashe sai ya dubi Sallau yana murmushi.

Can suka yi karo kamar raguna. Sallau ya ja numfashi zai fara kirari, bai kai rabin baiti ba ƙaramin ya sa kai a ƙirjin Rabon Japan ya tura shi baya, taku uku, ƙafarsa ta fita daga da'ira. Ƙaton ya tsaya, ya sunkuyar da kai, ya juya ya tafi.

"Ya tahi shan ruwa," in ji Sallau. "Yanzu za shi komo."

Bai komo ba. Alƙali ya nuna ƙaramin da mafici. Wuri ya ɗauki hayaniya, kowa na tambaya ina kayen, tunda ba wanda ya taɓa ƙasa. Sallau ya so gyara tsohuwar ɓarna, ga shi ya sa an sake kada Rabo a gaban gari, har daga wata ƙasa.

Hamada ya tsayar da majigi ya yi bayani, Isufu na juyawa. A kokowarsu, in ka taɓa ƙasa an ci ka, in kuma aka fitar da kai daga da'ira, shi ma an ci ka.

Sai aka ji muryar Rabo daga wajen dama. Ba Sallau ya yi wa magana ba.

"Mushe, tambaye shi. In anka tura mutum waje, shi ke nan? Ba sai an ɗaga shi ba?"

"Shi ke nan, Baba Rabo."

"Kuma fagen duka ɗan wanga ne? Ba wurin gudu?"

"Taku shida, in ji shi, ko bakwai."

Rabo ya gyara zama a tabarmarsa. "To gobe bayan la'asar a zana muna ita."

Aka ci gaba da fim. Sallau ya yi wa sauran karawar baki har ƙarshe, amma bai ƙara ba kowa sunan ɗan gari ba.

Da safe Hamada ya rataye zane-zanensa a ajin Isufu: tsuntsaye a kan reshe, masunta cikin ruwan sama, wata gada. Ya zauna a tabarma yana niƙa tawada a kan ɗan dutse, yana rubutu da alƙalami mai gashi daga sama zuwa ƙasa. Malaman allo biyu suka leƙo, suka shinshina tawadar, suka yarda tana da kyau, sai dai sun ga yana ɓarnarta. Amma hankalin gari yana kan la'asar.

A filin bayan tasha Hamada ya auna da ƙafarsa, aka kewaye da igiyar kaba. Aka ce shi zai yi alƙalanci. Balaraba, matar Rabo, ta ba da aron maficinta, amma da aka nemi gishiri ta ce ko tsinke ba ta bayarwa a watsa wa ƙasa, in mutanen Japan sun gaji da nasu su aiko mata. Aka yi da toka.

Rabo ya fito da tsohon walkinsa, wanda ya ƙi ɗauruwa sai da aka ƙara masa igiya. Saurayi na fari ya taho da gudu, ya bugi tumbin ya koma da baya har waje, Rabo bai ko ɗaga hannu ba. Na biyu da na uku ya tura su kamar mai gyara buhuna a rumfa. Makaɗa da suka zo kallo suka koma gida suka ɗauko ganguna.

Sallau ya tashi da murya a shaƙe saboda aikin daren jiya, kuma ba wanda ya gayyace shi. Ya tsaya bakin igiya ya fara a hankali, da tsohon kirarin da ya shekara biyu bai furta ba. Rabo bai waiwayo ba, amma kafaɗunsa sun miƙe.

Na huɗu Illo ne na Tsarnawa, wanda ke riƙe da fagen yankin a shekarar, mai wayo kamar zomo. Suka durƙusa. Hamada ya ɗaga mafici. Rabo ya taho da ƙarfinsa duka, Illo ya goce gefe. Rabo ya wuce, ya yi tangal-tangal, ya tsaya da yatsun ƙafa a kan igiya. Illo ya faɗa masa ta baya yana tura, jijiyoyin wuya sun tashi, ƙasa na tsartuwa a ƙarƙashin ƙafarsa. Rabo bai gusa ba. Ya juyo a hankali, kamar mai duba wa ke kiransa, ya rungume Illo a ƙugu ya ɗauke shi, ya ajiye shi bayan igiya a tsaye, har ya kakkaɓe masa toka a kafaɗa.

Ihun da aka yi ya sa wani direban kamiyo ya tsaya a kwalta ya hau rufin mota yana leƙe. Hamada ya manta da alƙalanci, yana ta tafi da mafici a hammata. Illo ya yi dariya ya kama hannun Rabo da hannu biyu, ya ce, "Baba, cikin igiya kam naka ne. Waje kuma mu yi magana."

Kafin rana ta faɗi Hamada ya shimfiɗa farar takarda a kan murfin mota, ya ja layi uku a tsaye, na tsakiya ya fi tsawo, ya haɗa su ta ƙasa. Ya miƙa wa Rabo da hannu biyu. Isufu ya ce kalmar tsauni ce. Rabo ya juya ta ya sake juyawa, ya ce ta fi kama da murhu, amma ya naɗe ta a hankali ya sa cikin hula. Ga Sallau kuma Hamada ya sunkuya fiye da yadda ya yi wa kowa, ya ce kakansa da ya ji daɗin zama da shi. Sallau ya buɗe baki zai yi godiya, ba abin da ya fito sai iska. Washegari da sanyin safiya motar ta kama hanyar Madawa.

Kwana uku Sallau bai iya magana ba. A rana ta biyu yana kwance a zaure sai ga Rabo ya cika ƙofa, da ɗan tulun zuma a hannu. Ya ajiye, ya zauna, tabarma ta yi ƙara.

"An ce ba ka iya magana."

Sallau ya gyaɗa kai.

"Madalla. Shekara goma sha biyar kai ka magana ina saurare. Yau sai ka ji tawa."

Ya fara daga ranar Tsarnawa, ya koma baya har wani rago da aka ba su a Illela wanda Sallau ya ce ya tsinke, ya dawo kan kirarin shekaranjiya, inda ya ce an tsallake baiti biyu. Sallau na ta ɗaga yatsa yana son kare kansa, Rabo na mayar masa da hannun ƙasa. Sai da aka kira azahar ya miƙe, yana dafa gwiwa.

"Ka sha da ruwan ɗumi," ya ce. "Ran Lahadi an kira ni Ƙonni, wai suna son ganin abin igiyar nan. In muryar ba ta komo ba, ka zo hakanan ka riƙe min riga."