Kalmar da Manaja Ya Jefi Iya da Ita

Iya ta banko ƙofar kantin magani, ta tsaya a kan ƙaninta.

"Kai da ka yi boko, mene ne distabilaizin?"

"Yaya, wa kika taɓo kuma?"

"Ni aka taɓo! Manaja ne ya faɗa a gaban mata, wai shi nake yi wa shagon ɗinki. Ya ce gobe in kwashe kekena."

Ƙanin ya sauke tabarau. "Turanci ne. Abu na zaune lafiya, ka yi ta zungurarsa ta ƙasa har ya rasa zama. An fi faɗarsa a kan gwamnati ko ƙungiya."

"Gwamnati? Ni da ko sunana ban iya rubutawa?"

Laifinta ɗaya ne: ta tambayi dalilin ba wata sabuwar ma'aikaciya keken abokiyar aikinta Doguwa, alhali Doguwa na kwance a asibiti.

A motar komawa ta yi tagumi. Ita da uwar Manaja suka buɗe shagon nan da keke ɗaya, suna karɓa-karɓa, shi kuwa Manaja yana jariri, yana barci cikin kwandon ƙyallaye. A zamanin, in mace ta kwanta ciwo, akan raba ɗinkinta, a lulluɓe kekenta har ta dawo. In wata na da magana, ba ta ɗaga murya. Zare ƙafa take daga feda ta naɗe hannu, sauran su tsaya su saurara. Tun da uwarsa ta rasu, ba a sake yi ba.

Ta shiga shago, ta zauna, ta taka keke. Bakin riga ɗaya ta gama, sannan ta zare ƙafa ta naɗe hannu.

Ta kusa da ita ta kalle ta, ta tsaya. Sai ta bayanta. Shiru ya bi layi har bango. Aka raɗa wa sabuwar wani abu, ta miƙe a hankali. Iya ta yaye mayafinta ta lulluɓe keken Doguwa.

Manaja ya fito daga ofis. "An ɗauke wuta ne?"

"Kekunan ƙafa ne, ɗan nan."

"To mene ne wannan?"

"Abin nan da ka ce ina yi. Na je an fassara mini." Ta gyara zama. "Da ban yi ba. Yau na fara."