Ɗan Fiffike Kusa da Wutsiya

Duk garin Forks an san Wendell Haugen da abu biyu, fatsa da fitina. Kowace Asabar yana ƙofar shagon kifi tare da abokansa masu fatsa, ruwan sama na dukansu, suna roƙon jama'a kada su sayi kifin sitilhed haifaffen kogi, don ya kusa ƙarewa. Na kiwo kam, a ci har a sha romo. Bambanta su ba wuya. Na kiwo tun yana ƙarami ake yanke masa ɗan fiffiken bayansa na kusa da wutsiya, wurin ya warke sumul. Na kogi nasa yana nan. Shi kuwa Wendell ko a hoto ya ga kifi sai ya kai yatsa wurin.

Tsofai-tsofai da shi, sai ga son Marlys ya kama shi, wata bazawara mai shagon gyaran gashi da ta zo garin bara. Ranar da ta gayyace shi cin abincin rana har gemu ya rage. Tsoronsa ɗaya, kada bakinsa ya kore ta kamar yadda ya kori matan baya.

Ya tarar da ita a kicin, ga ƙaton kifi shimfiɗe a kan katako.

"Na kiwo ne," in ji ta, tun kafin su gaisa. "Duba da kanka, sarkin bincike."

Ai yatsan ya riga shi isa. Fiffike dai babu. Amma wurin ɗanye ne jawur, yankan kuma tsaf, irin na hannun da ya saba da almakashi. Wa'azin Asabar ya taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye shi da ƙyar.

"Kai, wannan aski ya yi kyau," ya ce.

Marlys ta ajiye wuƙa. "Sai da na iso gida na ga fiffiken tsiyar a tsaye, na sa almakashi. Na ce in ka gani tafiyarka za ka yi." Ta nuna da hannu. "To, ga ƙofa nan."

Wendell ya dubi kifin, tausayinsa ya kama shi sosai. Sai ya dubi matar. Shekara da shekaru mutane ke yi masa ƙarya don su rabu da shi, yau ne aka fara yi masa don ya zauna.

"Wannan dai ya riga ya mutu," ya ce. "Ina man shanu?"

"Ci za ka yi?"

"Ina kuka ina ci. Amma don Allah kada mutanena su ji."

"Haba Wendell, gyaran gashi fa nake yi. Kafin Asabar duk gari ya ji."

Ya tuna bakin abokansa, ya san sun samu abin tsokanarsa har ya mutu. Sannan ya ja kujera ya zauna.