Tauri Ko Kau-da-bara

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, Maiwada mai fataucin hatsi ya dawo Hunkuyi daga Kaduna da akwatin talabijin. Babu lantarki a garin, sai ya haɗa shi da ɗan injin ba da wuta, ya kafa dogon gora da ƙarfe a kansa a bayan zaure. Hoton yakan zo dishi-dishi, amma duk Laraba bayan magariba zauren nan sai ya cika maƙil.

Abin da ke tara mutane wani wasa ne na Turawa. Ba mai jin abin da ake faɗa a ciki. Jarumin dogo ne mai baƙar riga, don haka aka sa masa suna Dogo. Kowane mako miyagu su tare shi, su buɗe masa wuta, shi kuwa ya yi ta takowa har ya cim musu.

Cikin masu kallo akwai Tanko mahauci, ɗan tauri tun kaka da kakanni, da Sama'ila maharbi, yayan Lantana matar Tanko. A da, a kan tabarma ɗaya suke zama.

Wata Laraba, da aka harbi Dogo bai faɗi ba, sai Tanko ya bugi cinya ya ce, "Namu ne! Wannan ya sha tauri. Ƙarfe ba ya cin sa."

Sama'ila bai ko juyo ba ya ce, "Kau-da-bara ce. Harsashin ai bai taɓa shi ba, kauce masa yake yi. Ka ga rigarsa ta huje?"

"Yaya Sama'ila, ai na ga ƙirjinsa ya girgiza."

"Hoton ne ya girgiza. Tauri kuma har wani abu ne? Karya tsofaffin wuƙaƙe a gidan biki don mata su yi guɗa?"

Duk aka juyo ana kallon Tanko. Kowa ya san uban Tanko da kiɗan tauri aka san shi har ya mutu. Tanko ya tashi ya naɗe gefen tabarmarsa, ya ce, "Gara mu, a gaban jama'a muke yi. Ba mu shiga daji mu dawo da zomo da labarin zaki ba, Sama'ila."

Tun da ya auri Lantana, ranar ya fara kiran sunansa gatsau.

Mako na zagayowa zaure ya rabu biyu. Mahauta da maƙera suka zauna dama, maharba da 'yan uwansu hagu. Da an harbi Dogo sai dama ta ɗauka, "Tauri!" hagu ta mayar, "Kau-da-bara!" Har aka daina bin labarin, kowa harsashi yake jira. Suka je wurin Ja'afaru malamin gona, wanda ke ɗan jin Turanci, ya raba gardama. Ya ce shi dai abin da ya tsinta, Dogo daga wata duniya ya zo, haka jikinsa yake. Ɓangarorin biyu suka haɗu suka yi masa ca, suka ce boko ya ci masa kai. Bai sake zuwa kallo ba.

Gaba ta fita daga zaure. Tanko ya daina sayen naman daji a hannun Sama'ila. Sama'ila ya hana iyalinsa tsayawa a rumfar Tanko. Lantana ta aika wa matar yayanta da dambu, aka dawo mata da kwano ba a ko buɗe ba.

Ranar kasuwa abin ya fashe. Sama'ila ya zo wucewa ta layin mahauta, wani ya yi masa shaguɓe, ya tsaya. Tanko ya zaro wuƙar fawa, ya goga ta a damtsensa da ƙarfi, ya ɗaga hannu. Ba jini.

"Ga nawa," in ji shi. "Ina naka?"

Sama'ila ya ja da baya zuwa gindin durumi, ya buɗe ƙirji, layarsa na rataye a wuya. "Jefo, in kai ɗan halak ne."

Dattawa suka yi ta "A'a, a'a," amma Tanko ya riga ya ɗaga hannu. Wuƙa ta wuce ta gefen kunnen Sama'ila, ta cake a ƙwaryar nonon wata Bafulatana mai suna Hassana. Ƙwarya ta tsage, nono ya malale a kan zanenta, ta ƙwalla ihu, kasuwa ta hargitse.

Sama'ila ya daki ƙirji ya ce, "Kun gani? Ta kauce!"

Tanko, ana riƙe da shi, yana huci ya ce, "Ni na kautar! Don Lantana na kautar! Da yanzu ana yi maka wanka!"

Aka kai su gaban mai gari. Ya zage su tas, ya sa Tanko ya nemi gafarar Hassana ya saya mata sabuwar ƙwarya, ya ce su yi musabaha. Suka taɓa yatsu, kowa na kallon wani wuri.

Da Tanko ya koma gida, ya tarar da Lantana a bakin murhu, ba ta hura wuta ba. Ya fara ba ta labarin yadda ya tausaya, sai ta katse shi.

"Maigida, ka jefi ɗan uwana da wuƙa saboda Baturen da bai san an haife ku ba. Kada ka ƙara sa sunana a ciki."

Washegari ta je gidan Sama'ila ta faɗa masa magana mai zafi irin wannan. Shi ma, kamar Tanko, bai sauko ba. Ya ce in Tanko ya yarda layarsa ce ta yi aiki, magana ta ƙare.

Maiwada kuwa, da ya ji mai gari ya ambaci zaurensa, ya ɗauke akwatin ya shigar cikin gida, ya ce daga yau kallon na iyalinsa ne. Ba wanda ya san yadda Dogo ya ƙare.

Da aka yi girbi Sama'ila ya kwashe iyalinsa ya koma Kurmin Kogi. Bayan wasu watanni Lantana ta haihu, aka aika masa da goron suna. Ya aiko matarsa da turmin atamfa da kaza, shi bai zo ba. Tanko ya karɓi atamfar saboda mai jego, kazar kuma ya ba maƙwabta.