Zaren Inna

Ni saƙa ba sana'ata ba ce. A kantin magani nake aiki, ina tsaye bayan kanta har ƙafafuna su kumbura. Amma in na dawo gida na zauna a kujerar da ke kusa da taga, kwarashi ne abokin hirata. Huluna, safar jarirai, rigunan filo, babu gidan da ke danginmu da ba a samun aikin hannuna a cikinsa.

Inna, mahaifiyata, kaɗi take yi. Da ta rasu 'yan'uwana suka raba zannuwa da kwanuka, ni kuwa na ɗauki mazarinta da wata tsohuwar jaka cike da zaren da ta kaɗa a ƙarshen rayuwarta. Ɗan kasuwa ba zai kalli zaren nan sau biyu ba. Hannunta ya riga ya fara rawa, wani wurin ya yi kauri, wani wurin siriri kamar zai tsinke. Na daɗe ina ajiye da shi kafin na yanke shawarar saƙa babban mayafi, wanda zan riƙa yafawa in kewarta ta taso mini.

Wata da watanni ina kansa, har ya rage layin ƙarshe. Duk mai saƙar kwarashi ta san in za ki ajiye aikin da ba ki ƙulle ba, sai kin maƙale maɗaukin ƙarshe, wato ɗan zoben zaren da ke bakin kwarashi, da fil. In ba haka ba, da zarar wani abu ya ja bakin zaren, saƙar za ta yi ta warwarewa. Na maƙale shi, na ninke mayafin a hannun kujera, na tafi aiki.

Da na dawo, wayam.

Maigidana ne ya yi mini bayani, idonsa na kan waya. Wai ƙanwarsa ce ta zo. Gimbiya muke ce mata, domin ko cokali ya faɗi a gabanta sai ta kira wani ya ɗauka. Ta ga mayafin, ta naɗe, ta kai wa mahaifiyar wanda zai aure ta. Ba kyautar kaɗai ta yi da kayana ba, har ta ce musu ita ta saƙa.

Na ce, “Zaren Inna ne fa!”

Ya ce, “Haba, ke ma da ɗaukar zafi. Ai zare ne kawai. Zan sayo miki ulu mai kyau a kasuwa. Kada ki kunyata yarinya a gidan surukai.”

Na shiga banɗaki na yi kuka mai isata, kukan baƙin ciki da takaici. Da na fito zan zauna, sai na ga wani abu yana ƙyalli a hannun kujera. Fil ɗina ne. Gimbiya ta cire shi ta ajiye, tana ganin shi ne zai ɓata mata kyauta. Na ɗauka na jefa a jakata, na ji wani sanyi a raina. Daga ranar ban sake ɗaga maganar ba, har maigidan ya riƙa yaba haƙurina a gaban mutane.

Bayan 'yan makonni aka ce tsohuwar da aka kai wa mayafin ba ta jin daɗi, maigidan ya ce in raka Gimbiya dubiya. Ita kuwa ko a jikinta, har da tambayata ko kwalliyarta ta yi. Na ce ta yi sosai, na saka kwarashina a jaka.

Muka tarar da tsohuwar a falo, lulluɓe da mayafina. 'Ya'yanta mata biyu suna gefe suna haɗa shayi. Bayan gaisuwa ta shiga yabon Gimbiya, wai a zamanin nan samun yarinya mai aikin hannu sai an tona. Gimbiya ta sunkuyar da kai tana murmushi, ni kuma ina ta cewa “Gaskiya ne, Mama.”

Can tsohuwar ta ɗago gefen mayafin. Bakin zaren ya maƙale a hannun ƙofa, in ji ta, ga shi ya warware ya fi taƙi guda, zaren yana ta reto.

Na ce, “Ayya, Mama, wannan ai ba komai ba ne. Ga gwanar a zaune. Kin ci sa'a ma da kwarashi a jakata.”

Na miƙa wa Gimbiya da hannu biyu. Ta karɓa ta riƙe shi ta wutsiya, kan yana kallon sama. Ta caka nan, ta caka can, wani layin ya ƙara zubewa. 'Ya'yan tsohuwar suka daina motsa shayi. Gumi ya fara wanke wa Gimbiya hoda.

“Mama, hannuna ne ke ciwo yau,” in ji ta da ƙyar. “Bari in tafi da shi gida in gyara miki.”

Tsohuwar ta daɗe tana kallon yadda ta riƙe kwarashin, sannan ta cire mayafin ta ba ta, ta ce jibi take so a dawo da shi.

Muna shiga gidana Gimbiya ta zube a gaban kujerata. Yau ni ce Anti, ni ce Yaya, ni ce uwa.

“Anti, ki rufa mini asiri. Wallahi in suka gane, na shiga uku. Ɗan gefen nan ne kawai, ke yanzu za ki gama shi.”

Na ce, “Kin san na wa ne zaren?”

“Ai Yaya ya ce zai saya miki wani.”

Da ta ce in yafe mata, wataƙila da na sassauta. Amma abin da ta faɗa ke nan. Na ce ta kawo. Ta miƙo da sauri, har da ajiyar zuciya. Na shimfiɗa shi a cinyata, yana ƙamshin turaren wata, na kama bakin zaren na naɗa a yatsuna biyu, na fara ja.

Da farko ta ɗauka gyaran ke nan. Sai da layi ya bi layi, dunƙulen zare yana girma a hannuna, sannan ta miƙe tana ihu.

“Anti, me kike yi? Ki tsaya! Don Allah ki tsaya!”

Ta kai hannu, na ɗago kai na kalle ta, ta janye. Ban yi sauri ba, don kada zaren ya tsinke. Aikin watanni ne yake zubewa a gabana, kuma ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma duk wurin da hannun Inna ya yi rawa sai da ya sake bi ta cikin yatsuna, mai kauri da siriri, na gane su ɗaya bayan ɗaya. Hawayena na zuba, ina jin daɗi har cikin ƙashina.

Da na kai maɗaukin farko, na buɗe kwandona na ɗauko ulun kasuwa da kwarashi na ɗora mata a cinya.

“Ga shi, gwana. Kina da yau da gobe.”

Tana cikin kuka maigidan ya shigo. Ya dubi ƙanwarsa, ya dubi dunƙulen da na rungume a ƙirjina.

“Ina mayafin mutane? Me za ta ce musu jibi?”

Na saka zaren Inna a tsohuwar jakarsa, na ja zif, na ce, “Haba, kai ma da ɗaukar zafi. Ai zare ne kawai.”